Yadda Babbar Riga Ta Cinye Min Tallafin Karatu

Da na ji makarantar yamma ta manya za ta ɗauke wa mutum ɗaya daga cikin marasa ƙarfi kuɗin kammala sakandare, sai na ce wannan gurbin nawa ne. Ni direban gidan wani attajiri ne, a aji uku na tsaya, kuma a fagen talauci duk unguwar Nassarawa ba mai ja da ni.

Amma ranar tantancewa na ga bai dace mutum kamar ni ya je gaban malamai a wulaƙance ba. Na ari babbar rigar maigidana, na fesa turaren da ya kusa sumar da maigadi, na ja jif ɗin gidan.

Malama Rifkatu mai tantancewa har bakin mota ta taro ni, ta ba ni kujerarta. Na hakimce ina kaɗa makulli.

Ta ce, "Alhaji, ɗalibai nawa za ka ɗauki nauyinsu?"

Na rantse mata ni talaka ne. Ta dubi motar, ta ce, "Allah ya ba mu irin talaucinka."

Kukun maƙwabtanmu da ya zo da silifas shi ya samu gurbin. Har yau in ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka wa ɗalibi da biro."