Baƙon Gana da Zabin Baba

Da bakina na gaya wa Baba, surukina, a Takieta cewa Ingilishi na sha shi har ƙarshe. Sai ga baƙo ɗan Gana, mai gyaran famfon gari. Aka dire masa zabi uku. Kowa ya san baƙo taɓawa yake, ya bar wa gida saura.

Baba ya ce, "Malam tafinta, ce masa bisimilla."

Abu ɗaya na tuna, na ce wa baƙon: "Finish ebritin!" Wato ya cinye duka.

Bawan Allah ya naɗe hannun riga. Yana ci yana gumi, ni ma ina gumi, don ban san "ya isa" da Ingilishi ba. Baba kuwa ni yake kallo, ba zabin ba.

Har yau in na je gaisuwa, ƙannen matata sai ihu: "A rufe tukwane, ga Yaya Finish!"