Wushiryar da Aka Yaɓe

"Lafiya lau, Amarya. Sai dai na ga barci ya fi ni daraja a ɗakin nan."

Jikana ne, ɗan babbar 'yata, mai aikin tarbar baƙi a otal. Ina kishingiɗe da la'asar, rana ta ratso labule ta kwanta a kan tsohon keken ɗinkin kakansa, ni kuma ina tsakanin barci da ido biyu. Na ce ya nemi wuri, ba na tashi don mijin da ya shigo hannu rabbana.

Ya zauna yana magana da hannu a baki. Na sa ya sauke, na leƙa, ya yi maza ya mayar. Shekarun baya yaron nan ya kai kansa wurin likitar haƙori, ta yaɓe masa haƙoran gaba da wani farin ƙullu, ta haska masa fitila ya daskare, wushiryarsa ta toshe. Wai ita baƙi ke kallo in yana yi musu bayani. Ya dawo mana baki fari fat kamar an jera tangaran. Yanzu kuwa ƙyallin ya tafi, farin ya koma ruwan shayi, gefe-gefen ya zaizaye.

Ya ce laifina ne. Likitar ta gaya masa buroshi ne ya cinye yaɓen. Mai tauri yake saya, ga man nan mai yashi-yashi da ake cewa yana ƙara fari, ga shi da dirza kamar ana biyansa. Kullum sai ya kankare santsin saman kaɗan. In wurin ya yi kaushi shayi ya samu mazauni, shi kuma ya ga duhu ya ƙara ƙarfi. Kuma wai ni na koya masa tun yana ƙarami, ina tsaye a kansa ina cewa ya goge kamar gindin tukunya.

"Haƙoran Allah na ce ka dirza, Maigida. Ban san za ka je magina su yi maka nasu ba."

"Ke da bakinki ya zama filin ƙwallo, me kika sani a kan haƙori?"

Na ce nawa sun yi aikinsu, sun tauna ƙashi, sun yi min sallama ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci. Nasa kuwa sabulu ne, kullum ana wanka da su suna ƙarewa.

Ya tuntsire da dariya, ya manta da hannun. A nan na ganta. Tsakanin na gaban nan biyu, inda yaɓen ya cinye, wani siririn duhu ya leƙo.

Ɗakin ya yi min shiru. Sai na ji kamar ƙarar keken can nesa, na ga kakansa a sunkuye, ya maƙale zare a wushiryarsa don kada ya ɓace masa, yana ɗago kai yana min dariya zaren na lilo. Hotonsa ɗaya ne a gidan nan, kuma a cikinsa ya tsuke baki kamar mai jiran hukunci. Tun da aka kai shi makwancinsa, a bakin yaron nan kaɗai nake ganin dariyar. Ranar da aka yaɓe ta na kasa cin abinci.

Muryarsa ce ta dawo da ni. Yana cewa jibi zai koma, za a kankare tsohon a yi sabo, a toshe tsagin ruf. Har ya sayi buroshi mai laushi, ya yi alkawarin shafawa a hankali.

Na ce in ya toshe, ya ba ni takardata, ba na zama da miji mai baki kamar katanga. Ya ce dama ya gaji da matar da sai an jiƙa mata burodi. Ya sake kawo zancen baƙi. Na ce baƙon da ya zo neman ɗaki ya tsaya duba haƙori, rago ya zo saya.

Ya bi idona zuwa kan keken, ya daɗe yana kallo.

"Irin tasa ce, Kaka?"

"Tasa ta fi kyau. Amma taka ce ta rage."

Ya shafa haƙoran da harshe. Can ya ce to, zai gaya wa likitar ta gyara saman ta bar tsagin kaɗan, kamar silin gashi. Na ce rowar tasa har a baki. Ya ce in aka biye min sai an bar inda mota za ta wuce.

Na miƙa hannu kan taga na zaro tsinken ashana ɗaya, na danƙa masa.

"Kai mata wannan ta auna. Kada ta ƙara, kada ta rage."

Ya jujjuya shi yana dariya, baki a buɗe, ya sa a aljihun gaba.

"In baƙi suka tambaya fa?"

"Ka ce gado ne, uwargida ta hana a taɓa."