Rigata Mai Furannin Daji

Ni fa a ganina gwanin ado ne. Na tsinto tsohon yadin auduga mai ƙananan furannin daji a gwanjo, tela ya ɗinka mini riga, na nufi bikin suna a gidan su budurwata a Unguwar Sanusi ina hura hanci.

Na ce wa yayanta, "Irin yadin nan ya ƙare a duniya."

Sai ga kakarsu ɗauke da jaririn cikin tsohon zanen goyonta. Furanninmu iri ɗaya sak!

Ta ƙare mini kallo, ta ce, "Sannu angona. Duk 'ya'yana a kan irin rigarka suka yi fitsari."

Na dai auri yarinyar. Amma har yau, da yaro ya tsala kuka a gidan, sai a ce, "A kira Zanen Goyo."