Cindo da Kurar Ruwa a Lungun Marina

A tsohon garin Rafin Ɗinya an yi wani mutum wai shi Cindo. Ƙarfi gare shi kamar jaki, ga haƙuri, ga fara'a, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai aikata, ba ƙari ba ragi. Yana zaune da matarsa Tabawa a ƙuryar Lungun Marina. Surukinsa, Baba Dogara, ya ara masa kurar ruwa, irin wadda ake jera jarkoki a tura, ya ce in ya riƙe ta da kyau ta zama tasa, in ya yi shirme a karɓe. Cindo kuwa yana son kurar nan kamar ransa, kullum sai ya goge ta. To, lungunan garin matsattsu ne, in kura ta shiga, ko akuya sai ta matse.

Wata rana Tabawa ta ce, "Maigida, in ka haɗu da wanda ya girme ka a lungu, ka ja da baya ka ba shi hanya." Cindo ya ce to. Ya ciko jarkoki, ya haɗu da wani tsoho, ya ja da baya har bakin lungu. Ya sake shiga, sai ga wata tsohuwa. Wanda bai tabbatar ba sai ya tsayar da shi ya tambaya, "Don Allah da ni da kai wa aka riga haifa?" Garin kuwa tsofaffi ba sa ƙarewa. La'asar ta same shi a bakin famfon da ya baro tun safe, mai kokon da ta aike shi ta gaji da jira ta sayi ruwa a wajen wani.

Wata rana kuma Tabawa ta gyara magana. Ta ce, "Mai kaya ba ya ja da baya. Ka ce gafara, ka wuce." Ai kuwa ranar aiki ya yi kyau, har ya shiga wani lungu da ba ya ɓullewa, ƙarshensa dangar kara ce. Cindo ya tsaya cikin ladabi ya ce, "Gafara." Danga ba ta amsa ba. Ya tura. Sai ga shi a tsakar gidan mutane, mata na daka, kaji na tashi sama. Matar gidan ta riƙe taɓarya ta ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, gafara," ya nufi ɗaya dangar. Baba Dogara ne ya kwashe yini yana ɗaure kara yana ba da haƙuri.

Da ya gama, ya kira Cindo ya ce, "Daga yau kada ka ƙara shiga lungun da ba ya ɓullewa." Wata rana, wato washegari ke nan, Tabawa ta gama tuwo, shiru ba miji. Ta leƙo, ta hango shi zaune a bakin Lungun Marina ya rungume kura. Ta ce, "Me kake jira?" Ya ce, "Namu ma ai ba ya ɓullewa." Allah sarki Tabawa, dariya ta ci ƙarfinta, ta koma ta ɗauko masa tuwon nan ya ci a bakin hanya. Baba Dogara da ya ji, shi bai yi dariya ba. Ya ce haƙuri ya ƙare.

Wata rana da hantsi Baba Dogara ya ce wa Cindo, "Kai kurar ƙofar gidana, ka tsaya nan, kada ka gusa sai na ce ka gusa. Zan je kasuwa in nemo wanda zan ba." Cindo ya cika jarkoki don kada a ce ya mayar da ita wayam, ya tura yana hawaye, ya tsaya kafin ƙofar, ya toshe lungun ƙam. Mutane suka taru a bayansa, mata da tallarsu, yara, masu keke. Aka roƙa, aka yi zagi. Ya ce, "Baba bai ce ba."

Can sai ga Baba Dogara ya dawo yana ɗingishi, ya ratso taron, ransa a ɓace. Ya buɗe baki ke nan sai ihu ya tashi daga gaba. Wani bajimin sa ne ya tsinke wa mahauta, ya miƙo lungun a guje, ba inda zai ratse. Mutane suka yi ta cewa, "Cindo, gudu!" Cindo ya ƙanƙame hannun kura ya dafe ƙafa. Bajimin ya gabza wa jarkoki ƙaho, ruwa ya wanke masa fuska, ya tsaya yana huci ya rasa ta inda zai bi. Mahauta suka iso suka cafke igiya.

Baba Dogara ya dubi yaran da ke maƙale a bayansa, ya dubi gurguwar ƙafarsa. Ya dafa kafaɗar Cindo ya ce, "Kura taka ce, halak malak. Jarkokin da suka fashe ni zan sake."

Farin ciki ya cika Cindo, baki har kunne. Ya ce, "Na gode, Baba. Yanzu in gusa?"

Tsohon ya leƙa ta saman kura, ya ga san yana ta tirjiya. Ya ce, "A'a, tsaya tukuna, su yi nisa da shi."