Sarauniyar da Na Jefa a Xintang

Ranar da na zubar wa Alhaji Mamman, ɗan kasuwar Maraɗi, da mutunci, muna ofishin wani mai masana'antar wandon jins a garin Xintang, muna buga kartar burij, ni da Alhaji a gefe ɗaya, mai gidan da ƙanensa a ɗayan. Dokar gidan ita ce waɗanda aka cinye a manna musu zirin takarda a goshi. Alhaji, mai furfura da jikoki, ya yarda ne kawai don na tabbatar masa na karance littattafan wasan.

Ci ɗaya ya rage mana, kuma as, babbar karta, tana hannuna. In na ajiye ta an gama. Amma akwai dabarar da masana ke kira finesse: ka riƙe as, ka jefa sarauniya, da fatan sarki yana hannun wanda ya riga ya jefa tasa. Na ga bai kamata ilimi irin wannan ya mutu a cikina ba. Na gyara tabarau, na jefa sarauniya, har da ɗan jawabi.

Mai gidan ya ɗora sarki a hankali, kamar mai yin ta'aziyya, ya kwashe sauran duka, ban sake samun damar ci da as ɗin ba. Aka manna mana takarda. Ta Alhaji tana ta kaɗawa da numfashinsa.

Har yau, in mun zo fita daga masallaci ranar Juma'a, sai ya ja ya tsaya, ya ce, "Malam, ga ƙofa a buɗe. Amma in littafi ya ce ta taga, bismillah, muna jiranka."