Taurarin da Suka Toshe Mini Taga

Yau da hantsi na yi wa farar rigar mai kemis ɗin bakin layinmu faci da jan zare. Ban san ɓarnar da na yi ba sai da na fito da ita tsakar gida, na gan ta kamar wadda aka yi wa tiyata. Shekara talatin da ɗoriya ina facin kayan mutanen unguwar nan, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Idona ƙalau yake, kada wani ya ce tsufa ne. Ɗakina ne ya makance.

Ni ban yi boko ba. 'Yata mai aikin jinya ce take buga muku wannan a wayarta, kuma na gargaɗe ta, in ta sassauta mini kalma ɗaya zan sa a karanta mini, ta ji a jikinta.

Taga ɗaya gare ni, tana kallon titi. Ƙarƙashinta kekena na ɗinki yake, irin na dā mai ƙafar ƙarfe, wanda sai ƙarti huɗu suke ɗaga shi. Wutar lantarki kuwa kun san halinta, baƙuwa ce mai saurin sallama. Saboda haka da tagar nan nake ci, da ita nake sha.

Wata uku da suka wuce muka tashi muka ga rumfuna da kujeru da motoci masu baƙin gilashi sun cika layi. Wai an ƙirƙiro shirin sanar da talaka abin da ke sararin samaniya, don an lura abin da ya rage mana ke nan. Aka kafa allon ƙarfe mai tsayin mutum uku, aka manna shi da bangona kamar an shafa masa danƙo. Mai Girma Uban Almakashi ya sauko daga mota, ya yanka ƙyalle, ya ce daga yau an fitar da unguwarmu daga duhu. Aka tafa, har da ni, don ban san dawan garin ba. Da na koma ɗaki, ko tafin hannuna ban gani ba.

Abin da aka zana a allon ba ya kama da komai sai faranti biyu da aka kife wa juna baki, aka ajiye a baƙin daɓe. Tsakiyar ta kumburo tana haske, gefe ya yi sirara har ya ɓace. Launinsa ruwan tsohuwar takarda. Na kira maƙwabcina, malamin makaranta da ya yi ritaya, na ce ya karanta mini abin da ya cinye mini taga, ko da zagi zan yi in san wa nake zagi.

Ya gyara tabarau ya ce garken taurari ne, can nesa inda haskensa ke shafe miliyoyin shekaru a hanya kafin ya iso mu. Ko suna ba shi da shi, sai lamba. Wai ƙarami ne a cikin danginsa, haske na ƙetare shi a 'yan dubban shekaru. Na ce ƙarami ke nan ya yi mini haka, Allah na gode maka da ba babban aka kawo ba. Ya ce siffarsa irin ta gilashin tabaransa ce, kauri a tsakiya, sirara a baki. Wasu garkunan suna da hannuwa da ke murɗawa kewaye da su, a nan ne sababbin taurari ke fitowa, amma shi wannan ba shi da hannu ko ɗaya. Iskar gas ɗin da ake yin sababbin taurari da ita ta ƙare masa ko ta kusa, sai tsofaffi kawai, sun yi jaja-jaja, suna ta zagaya wuri ɗaya.

Na ce ya maimaita mini a hankali. Ya maimaita: ciki a tsakiya, ba hannuwa, mai ya ƙare, ba wani sabon abu da ke fitowa, tsofaffi na ta kewaye.

Na ce, “Malam, ai na san wurin nan. Ofishin hukuma ne, hawa na biyu, ƙofa ta uku a hannun hagu.”

Dariya ta sarƙe shi har sai da na ba shi ruwa. Ya ce in ji tsoron Allah, taurari ba su yi mini komai ba. Gaskiyarsa ce. Ni ba ni da rigima da taurari. Tsohuwa ce ni, su ma tsofaffi ne, kowa ya gama haihuwa ya kama kansa. Bambancin kawai, ni ban je na tsaya a ƙofar kowa ba.

Zuwa da kai ya fi aike, sai na ɗauki mayafina na nufi ofishin masu allon. Zuwan farko aka ce Yallaɓai Mai Hatimi yana taro. Na biyu yana layin mai, wanda wannan kam na yi masa uzuri, don ni ma a ƙafa na je. Na uku na same shi. Mutumin kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya kira ni Iya, ya sa aka ba ni kujera. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo wata doguwar takarda ya warware ta a kan tebur, ya danne gefenta da kofin shayi. Taswirar layinmu ce. Ya bi bangona da bakin biro daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ɗago ya ce a nan babu taga. Su kuma da taswira suka yi aiki, a nan cikin ofis aka zaɓi wurin, don shi ne bango mafi tsawo da ba shi da komai.

Na gaya masa tagar nan ta girmi taswirarsa, ta girme shi shi kansa. Marigayi maigidana ne ya fasa ta da hannunsa shekarar da na haifi 'yar fari. Ya ce bai musa ba, amma ba zai iya cire allon hukuma saboda tagar da hukuma ba ta san da ita ba. Za a turo kwamiti ya tabbatar.

Kuma wallahi sun zo, a nan dole in yaba. Mutum biyar, da awo da littafi da hular rana. Suka tsaya a titi suka ƙare wa allon kallo. Ɗayansu ya leƙa ta gefe, ya ce bai ga komai ba, duhu ne. Na ce su shigo ɗaki, ta ciki ai ga ta nan da sandunanta. Shugabansu ya duba takardarsa ya ce abin da aka rubuta musu shi ne duba bango ta waje, shiga ɗaki aikin wani sashe ne. Na ce to su matsar da allon su gani. Ya ce ba za a matsar da allo ba sai an tabbatar akwai taga. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu magana, amma ban taɓa ganin wanda ya zo da nasa a mota ba sai ranar.

To yau, da na ga abin da na yi wa rigar mai kemis, ban ko warware zaren ba. Na naɗe ta na hau bene na shimfiɗa wa Yallaɓai a kan tebur. Ya duba, ya ce aikin ya yi kyau. Sannan ya karanta mini rahoton kwamiti, shafi huɗu, ƙarshensa dai an bincika ba a ga taga ba.

In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Na ce, “Ranka ya daɗe, na yarda. Ba ni da taga. Mutumin da ba shi da taga, in yana son ya fasa sabuwa fa?”

Fuskarsa ta washe kamar na kawo masa labarin haihuwa. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, akwai fom ɗinsa, kuma shi ne mai sa hannu. Ya tambaye ni a ina nake son ta, na ɗora yatsa a taswira daidai inda take. Na tambaye shi, in mai aiki ya zo ya tarar da wani abu ya tare wurin fa? Ya duba bayan fom ɗin ya karanta mini cewa mai izini na da ikon kawar da duk abin da ya tare. Na ce ya sake karantawa a gaban masinjansa. Ya karanta, ya buga hatimi, na dangwala yatsa. Har bakin ƙofa ya rako ni yana cewa da ma haka mutane za su riƙa bin ƙa'ida.

Kafin la'asar mai walda na bayan layinmu ya zo da injinsa. Ya karanta takardar sau biyu, ya ce, “Gwaggo, in aka zo kamu, ke za ki fara shiga mota.” Na ce na ji, in dai motar na da taga. Ya shiga ɗaki ya auna, ya fito ya auna, sai ga shi wurin ya faɗa daidai kan kumburin nan na tsakiya. Ya yanke shi murabba'i, tsaf. Haske ya faɗo kan kekena, na ga ƙurar wata uku, na ga almakashina da nake ta zargin matar ɗana a kansa.

Malam ya zo ya tsaya a titi, hannu a baya. Ya ce ban ɓata ilimi sosai ba, don masana sun ce a tsakiyar irin waɗannan garkunan akan sami wani rami mai haɗiye haske. Na leƙo kaina ta cikin taurarin na ce masa wancan na hukuma ne, nawa shigo da shi yake yi.

An ce kwamiti zai dawo ya duba sabuwar tagar, ko an fasa ta bisa ƙa'ida. Maraba da su. In kun riga ni ganinsu, ku ce ina ciki ina warware jan zare, su leƙo su gaishe ni. Amma su tsaya daga gefe, kada su tare mini haske.