Yadda Za Ka Tsallake Layin Ɗakin Gaggawa da Ɗan Ƙujewar Hannu

Ka zame daga kan babur a hanyar kasuwar Anka, gwiwar hannu ta ɗan ƙuje, ka iso asibiti ka tarar da layi har gindin darbejiya? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka tsaya a bakin gado kafin duk mutanen layin.

1. Shigo da nishi

Kada ka kuskura ka shigo garau. A riƙo ka. Rungume hannun a ƙirji kana "Wayyo Inna!" Duk wanda ya yi shiru a asibiti, gulma ce ta kawo shi.

2. Nemi Sista Regina

Ita ce nas ɗin da ke zaɓen wanda za a fara gani. Ba ta da wuyar ganewa: tun safe shayinta ke kan taga, ko kurɓa ba ta samu yi ba. Idan ta ce, "Malam, mi as same ka?" ce mata hannun ya mutu murus, ko ƙuda ba ya iya kora.

3. Jawo manya

Ce mata ƙanin matar kansila amininka ne. Za ta ce, "Madalla, zauna benci." Kada ka ji haushi, haka suke girmama mutum.

4. Idan aka shigo a guje

Nan aiki ke lalacewa. Saude, wata uwa daga Bagega, za ta faɗo da ɗiyarta a kafaɗa, yarinyar tana jijjiga, gubar dalma ta kama ta. Kowa zai manta da kai. Son kai ƙiri-ƙiri! Matsa kusa da gadon da aka kwantar da yarinyar, ka ƙara nishi.

5. Kada ka karɓi komai

Sandunan rataye ruwa duk suna kan wasu majinyata. Sista za ta lalubo jijiya a siririn hannun yarinyar, ta miƙo maka ledar ƙarin ruwan ko waiwayowa ba ta yi ba: "Riƙe man, sama!" Kada ka karɓa. Sai dai kash, duk wanda na koya wa darasin nan ya karɓa, kuma da mataccen hannun.

6. To, tunda ka karɓa

Tsaya ƙyam. Yanzu kafaɗa za ta yi zugin gaskiya. Kana tsaye za ka ga Sista ta goge amai, ta taro wani da maciji ya sara, ta dawo ta dafa Saude: "Bari kuka, 'yar'uwa, muna nan." Wallahi kunya za ta rufe ka. Can jijjigar ta lafa, yarinya ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa."

Sai a lokacin Sista za ta dube ka, hannu a sama: "Malam, ashe ya farfaɗo? Koma benci, in layi ya zo kanka in wanke ma."

Gargaɗi

Idan hawaye suka zubo maka, ko ka tsallaka wurin mai shayi ka sayo wa Sista mai zafi, ba ruwana, ban koya maka ba. Shi ma ɗin a kan taga zai huce.